Darasi na Shida: Tattalin Kuɗin Cefane

Manufofin darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. tsara kasafin cefanen gidansa na wata guda, ya kuma rubuta jerin abin da zai saya;
2. gane wanne ya fi araha tsakanin kaya iri ɗaya masu girma daban-daban;
3. faɗin lokutan da hatsi da kayan miya suke sauka, da kasuwannin da ake sarinsu;
4. lissafa rangwame da kansa, ko na baki ne ko na takarda;
5. bambance garaɓasa ta gaskiya da wadda aka ɗana don a ci kuɗinsa.

Shimfiɗa

A yawancin gidajenmu, abinci ne yake cin kaso mafi tsoka na abin da maigida da uwargida suke samu. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi shi. A tsakiyar shekarar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 idan aka gwada da shekarar da ta gabace ta. Wato abin da aka saya ₦1,000 a tsakiyar 2023 ya koma sama da ₦1,400 a tsakiyar 2024.

Hawa da saukar farashi ba a hannun magidanci suke ba. Abu huɗu ne a hannunsa: me zai saya, nawa zai saya, yaushe, kuma a ina. A kan waɗannan huɗun darasin nan zai tsaya.

Farashin da ke cikin misalanmu na koyon lissafi ne kawai. Malami da ɗalibai su maye gurbinsu da farashin kasuwar garinsu.

1. Cefane daga gida yake farawa

Wanda ya shiga kasuwa da kuɗi a aljihu ba tare da ya san abin da ya je saya ba, idonsa ne zai yi masa cefane. Zai ga kifi ya taya, ya ga lemo ya saya, sai ya isa gida a ce masa babu gishiri. Saboda haka aikin farko shi ne maigida da uwargida su zauna su raba kuɗin wata kafin a taɓa ko sisi.

Akwatin kalma
Kasafi: raba kuɗin da ake da shi kashi-kashi, kowane kashi da abin da aka ware shi domin sa.
Jerin cefane: takardar da aka rubuta abin da za a saya da yawan kowanne.

Kafin a rubuta jerin, a leƙa ɗakin ajiya a ga abin da ya rage. Sannan a raba kaya gida biyu. Akwai masu jure ajiya, irin su masara, shinkafa, wake, mai, sukari, gishiri, kuka da daddawa. Waɗannan a saye su sau ɗaya a wata, ko a sayi na fiye da wata guda idan da hali. Akwai kuma masu saurin lalacewa, irin su tumatir, alayyahu, nama da kifi. Su kuwa kaɗan-kaɗan ake sayensu, gwargwadon abin da za a dafa.

Misali na 1
Wani magidanci mai iyali bakwai ya ware ₦120,000 don cefanen wata. Shi da maiɗakinsa suka raba kuɗin haka:
Hatsi da wake: ₦60,000
Mai, sukari, gishiri da kayan ɗanɗano: ₦20,000
Kayan miya da nama: ₦28,000
Gawayi da sabulu: ₦12,000
Jimla: ₦120,000
Kuɗin kayan miya suka raba shi huɗu, kowane mako ₦7,000, wato ₦1,000 a rana. Uwargida ta ƙulle na kowane mako daban. Idan ran Juma'a aka yi baƙi aka kashe ₦2,000, ta san dole a sassauta a wata rana, a yi miyar kuka maimakon ta dage-dage.

Wanda bai iya rubutu sosai ba tukuna, yana iya zana alama, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Rubuta jerin cefane ma hanya ce ta gwada hannu a kan abin da ake koya a aji.

2. Farashin awo ɗaya

Sau da yawa kaya iri ɗaya yakan zo cikin mazubi daban-daban: kwalba da galan, ƙulli da kwano, ƙaramar leda da babba. Ido ba ya iya faɗin wanne ya fi araha. Lissafi ne yake faɗa.

Akwatin kalma
Farashin awo ɗaya: kuɗin kwano ɗaya, ko lita ɗaya, ko kilo ɗaya na kaya. Ana samun sa idan aka raba kuɗin kayan da yawan awon da ke ciki.

Misali na 2
Kwalbar man gyaɗa mai lita 1 tana ₦3,000. Galan mai lita 5 yana ₦13,500.
₦13,500 ÷ 5 = ₦2,700 kowace lita.
Mai sayen galan ya rage ₦300 a kowace lita, ₦1,500 ke nan a lita biyar.

Misali na 3
Ledar garin sabulu mai giram 500 tana ₦1,000. Babbar leda mai kilo 1 tana ₦2,200. Kilo 1 daidai yake da giram 1,000, wato ƙananan leda biyu.
₦1,000 × 2 = ₦2,000.
A nan ƙananan biyu sun fi babbar araha da ₦200.

Darasin misalan biyu shi ne, babban mazubi yakan fi araha, amma ba kullum ba. A duba nauyin da aka rubuta a jikin leda, domin wani lokaci kamfani yakan bar farashi yadda yake ya rage abin da ke ciki. A wajen masu awo kuma a lura da kwanon. Wani an buga gindinsa ya lotsa ciki, wani kuma an rage bakinsa. Tauye mudu laifi ne da Alƙur'ani ya yi kakkausan gargaɗi a kansa a Suratul Muɗaffifina, kuma mai saye yana da ikon ya ce a sake masa awo a gabansa.

3. Sari da haɗa kuɗi

Kaya yakan bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso tukunya: manomi, dillali, ɗan sari, mai shago, mai ƙulli. Kowane hannu da ribarsa. Duk hannun da ka tsallake, ribarsa ta zauna a aljihunka. Shi ya sa mai sayen ƙullin sukari kullum ya fi kowa biyan tsada, ko da yake shi ne mafi ƙarancin hali.

Akwatin kalma
Sari: sayen kaya da yawa a lokaci ɗaya, buhu ko katan ko kwando, a farashin da bai kai na sayen ɗai-ɗai ba.

Kowane gari yana da wuraren sarinsa. A Kano, alal misali, hatsi da wake a Dawanau ake sarinsu, kasuwar da 'yan kasuwa suke zuwa har daga Nijar da wasu ƙasashen maƙwabta. Sukari, taliya, mai da sauran kayan masarufi suna kasuwar Singa. Kayan gwari suna 'Yankaba, kayan marmari kuma a 'Yanlemo. A karkara, ranar kasuwar mako ce ranar araha, don manoma da kansu suke kawo kaya.

To, wanda ba shi da kuɗin buhu fa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabta, ko 'yan'uwa, ko ma 'yan aji ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba.

Misali na 4
Kwanon masara a shagon unguwa ₦1,500 ne. A kasuwar sari, buhu mai kwano 40 yana ₦48,000. Kuɗin mota da dako ₦4,000.
₦48,000 + ₦4,000 = ₦52,000.
₦52,000 ÷ 40 = ₦1,300 kowane kwano.
Gida huɗu suka haɗu, kowa ya ba da ₦13,000 ya karɓi kwano 10. Da a shago ne, kwano 10 zai ci ₦15,000. Kowane gida ya tsira da ₦2,000.

A lura cewa mun sa kuɗin mota da dako cikin lissafi. Wanda ya manta da su yana yaudarar kansa ne. Idan kwano biyar kawai za a saya, tafiya kasuwa mai nisa asara ce.

4. Kowane kaya da lokacinsa

Akwatin kalma
Kaka: lokacin girbi, bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da sabon hatsi yake cika kasuwa.

Gero da masara su ne kan fara shigowa, wajen watan Satumba zuwa Oktoba. Wake da dawa suna biyo baya, zuwa Nuwamba da Disamba. A yawancin shekaru hatsi ya fi sauƙi a wannan lokaci, sannan ya riƙa hawa har zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Mai hali ya sayi na watanni da kaka. Mai adashe kuma ya nemi ɗaukarsa ta faɗo a wannan lokaci.

Tumatir nasa lokacin daban ne. Yana yawaita da sanyi zuwa farkon bazara, wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da masu noman rani a wurare irin su Kadawa da Kura suke ɗiba. Da ruwa ya sauka sai ya yi tsada. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin maganin wannan: a yanka shi a shanya ya zama kauɗa. Haka ake busar da tattasai, attaruhu da kuɓewa, a ajiye don damina.

Akwai kuma lokutan da buƙata take yawa. Gab da azumi, sukari, gero, mai da ƙwai sukan tashi. Masu jure ajiya daga cikinsu gara a saye su tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban. Ko a cikin yini ɗaya ma farashi yana motsi: da yamma mai alayyahu da mai tumatir sukan sassauta, don ba sa son kaya ya kwana a hannunsu. Wanda zai dafa a daren ko da safe ya ci riba.

Sari ba shi da amfani idan ajiya ta gagara. A tabbata hatsi ya bushe sarai. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wake kuwa ƙwari suna son sa, don haka a zuba shi a jarka mai murfi a toshe, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin sukan mutu da kansu. Kada a zuba maganin feshin gona a cikin abincin da iyali za su ci.

5. Rangwame da garaɓasa

Akwatin kalma
Rangwame: ragin da mai kaya ya yi a kan farashinsa na kullum.
Gyara: ɗan ƙarin da mai kaya yake yi bayan an gama ciniki.
Garaɓasa: karya farashi na ɗan lokaci, don a jawo masu saye ko a rabu da kaya.

A kasuwarmu ta gargajiya, da baki ake neman rangwame. Ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama, sannan ka nemi gyara. Wanda ya zagaya ya ji farashi a wuri biyu ko uku kafin ya taya, shi ne yake ciniki da ƙarfi. Mai karɓar kaya bashi kuwa bakinsa a ɗaure yake, yadda aka faɗa masa haka zai ɗauka.

A manyan kantunan zamani ba a tayi. Farashi a rubuce yake, rangwamen ma a rubuce, yawanci da alamar %, wadda take nufin kashi kaza cikin ɗari. Ga hanya mai sauƙi ta lissafa shi:
Kashi 10: a cire sifili ɗaya daga ƙarshen farashin. Kashi 10 na ₦8,000 shi ne ₦800.
Kashi 20: a ninka na kashi 10 sau biyu.
Kashi 25: rubu'in kuɗin.
Kashi 50: rabin kuɗin.

Misali na 5
Wani kanti ya rubuta cewa ya rage kashi 10 a kan katan ɗin taliya na ₦8,000.
₦8,000 − ₦800 = ₦7,200.
Amma a kasuwa, katan iri ɗaya ₦7,000 ne ba tare da wani rangwame ba. Duk da babban allon da kantin ya kafa, kasuwa ta fi shi araha da ₦200.

Misali na 6
An ce sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta. Gwangwanin madara ₦900 ne.
₦900 × 2 = ₦1,800, kuma gwangwani uku za a karɓa.
₦1,800 ÷ 3 = ₦600 kowanne.
Wannan ragi ne na gaske, muddin gidan suna shan madarar dama, kuma za su shanye ta kafin ta lalace.

Sau da yawa kayan da wa'adinsu ya kusa cika ne ake karyar da su. A juya gwangwani ko leda a karanta ranar ƙarewar wa'adi, a duba lambar hukumar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bar shi ko da kyauta ne. Araha ba ta ado, kuma kuɗin asibiti ya fi kowane rangwame yawa.

6. Takardar rangwame

Akwatin kalma
Takardar rangwame: 'yar takarda, ko lamba da ake turowa ta waya, wadda idan aka nuna ta wajen biya za a rage wani adadi daga kuɗin kaya.
Sharaɗi: ƙa'idar da dole a cika kafin takardar ta yi aiki.

Wannan dabara ta daɗe a Amurka. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Coca-Cola yake raba takardun da ake karɓar kofin lemo kyauta da su, don mutane su ɗanɗana su saba. Daga baya ya zama al'ada a can iyalai su riƙa yanko irin waɗannan takardu daga jarida suna zuwa da su kanti. A wajenmu an fi ganinsu a manyan kantunan birni da wajen masu sayar da kaya ta intanet. Wasu kantunan kuma suna ba da katin da ake tara maki a kai duk lokacin da aka yi sayayya.

Tarihin nan yana nuna mana manufar takardar: mai kaya yana so ka zo, ka saba, ka sayi fiye da abin da ka yi niyya. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne. Kai ma sai ka yi naka lissafin. Kafin ka yi amfani da ita, ka karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa, ka nemi amsar tambaya uku: Yaushe za ta daina aiki? A kan wane kaya take aiki? Sai an sayi na nawa?

Misali na 7
Wata uwargida ta sami takardar ragin ₦1,000, da sharaɗin sai an sayi kayan ₦15,000. Jerin cefanenta na ₦11,000 ne.
Idan ta ƙara biskit da lemon kwalba na ₦4,000 don ta cika sharaɗi, za ta biya ₦15,000 − ₦1,000 = ₦14,000. Ta kashe ₦3,000 fiye da niyyarta.
Idan kuwa ta ƙara sabulu da sukarin mako mai zuwa na ₦4,000, waɗanda dama za ta saya, to ₦1,000 ɗin riba ce.
Sai dai idan kantin yana da nisa, Adaidaita Sahu zai karɓi ₦600 zuwa, ₦600 dawowa, ₦1,200 ke nan. Kuɗin mota ya cinye ragin har ya ɗora ₦200.

Gargaɗi
'Yan damfara suna turo saƙo a waya ko ta WhatsApp cewa ka ci kyautar kayan abinci ko takardar rangwame. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka, ko lambar BVN, ko lambar da banki ya turo maka yanzu-yanzu, ɓarawo ne. Haka wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin a ba ka kyauta. Kantin gaskiya ba ya neman waɗannan.

Taƙaitawa

A raba kuɗin wata tun a gida, a rubuta jeri. A gwada kaya da farashin awo ɗaya. A sari masu jure ajiya, ko da ta haɗa kuɗi ne, a kuma saye su a lokacinsu. A sa kuɗin mota cikin kowane lissafi. Rangwame, na baki ne ko na takarda, yana zama riba ne kawai idan ya faɗo a kan abin da dama yake cikin jerinka.

Tambayoyin bita

1. Mene ne kasafi? Me ya sa ake so a yi shi kafin a tafi kasuwa?
2. Kawo kaya huɗu masu jure ajiya da huɗu masu saurin lalacewa.
3. Ƙaramin buhun shinkafa mai kilo 5 yana ₦9,000, mai kilo 10 kuma ₦17,000. Nawa ne kilo ɗaya a kowanne? Wanne ya fi araha?
4. Gida biyar sun haɗa kuɗi sun sayi buhun gero mai kwano 40 a kan ₦56,000, suka biya ₦4,000 kuɗin mota. Nawa kowane gida zai bayar? Kwano nawa zai samu?
5. A waɗanne watanni tumatir ya fi araha? Yaya ake adana shi don damina?
6. An rage kashi 20 cikin 100 a kan galan ɗin mai na ₦15,000. Nawa za a biya?
7. Faɗi tambayoyi uku da za ka nemi amsarsu kafin ka yi amfani da takardar rangwame.
8. An turo maka saƙo cewa ka ci buhun shinkafa, amma sai ka faɗi lambar sirrin katinka. Me za ka yi?

Aikin gida

Na tsawon kwana bakwai, rubuta duk abin da aka saya na abinci a gidanku da kuɗinsa, har da ƙullin gishiri. A rana ta takwas ka haɗa jimla, ka ja layi a ƙarƙashin abu biyu da kake ganin za a iya samunsu da sauƙi ta hanyar sari, ko canza lokaci, ko canza kasuwa. Ka zo da takardar aji mai zuwa, za mu yi lissafin tare.